Sawu a Gindin Bango

Shekarar da ɓeraye suka cinye takardun wani ofishi a tsakiyar gari, a shekarar ne hukumar birni ta tuna akwai ɓera a duniya. Aka buɗe sashe, aka sayo farar mota, aka ɗauki samari ashirin aka ba su riguna masu ruwan toka. Auta yana cikinsu.

Aikin ba shi da wuyar bayani. A shiga ɗaki, a barbaɗa farar hoda a gindin bango, siririya kamar an ja layi da alli. A ajiye baƙin akwatin roba mai ƙofa biyu, da guba a kulle a ciki. A bar su kwana uku. Ɓera ba ya ratsa tsakar ɗaki in yana da zaɓi, jikin bango yake bi, duk inda ya bi kuwa sai hodar ta tona masa asiri. In an dawo ba a ga sawu ba, a liƙa koriyar takarda a ƙofa. In an ga sawu, a liƙa rawaya, a yi maganin wurin, a sake dawowa bayan mako biyu. In kuwa aka tarar an goge hodar har sau uku, to mai ɗaki ya ƙi ba da haɗin kai ke nan. Sai a liƙa ja. Washegari babbar mota ta zo, a fito da kayan ɗaki kaf, tun daga katifa har cokali, a jibge a bakin titi a yi feshi, jama'a na tsaye suna kallo.

Sau huɗu Auta ya liƙa ja cikin wata shida. Bai ji daɗin ko ɗaya ba.

Sannan layi ya zo kan unguwarsu, ya zo kan gidan hayar da yake kwana, bene mai ƙofa goma sha biyu. Lamba bakwai ta Inna ce, mahaifiyarsa: ɗaki, falo, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Shi a falon yake kwana.

Duk benen ba wanda bai san tsaftar Inna ba. Tana share inda ta share. Tana wanke sabulu kafin ta yi wanki da shi. Matan gidan kan ce mutum zai iya cin abinci a ƙasan ɗakinta, sai dai ba za ta bari ba, kada a ɓata mata ƙasa.

Ya zuba hoda ta farko da yamma. Da safe bango fes.

"Inna, ina hodar?"

"Wace hoda?"

"Wadda na zuba jiya."

"Oho. Iska ce."

Tagar a rufe take. Auta ya dubi taga, ya dubi Inna. Inna ta dubi tukunya.

Ya zuba ta biyu, ya ce mata don Allah kada a taɓa. Ta ce to. Da safe ba hoda, akwatin gubar kuma yana kan taga yana shan rana, an wanke shi yana ƙamshin sabulu kamar kwanon baƙi.

"Kayan gwamnati ne," in ji Inna. "Ka zo ka ajiye a ƙasa kamar takalmi. In ya yi datti wa za a zaga?"

Ya ɗauke akwatin daga taga ya mayar gindin bango. Dama shi maganarsa ba ta da yawa, balle maganar aiki a gaban Inna. In aka tambaye ta inda Auta yake aiki, cewa take yi ofishin lafiya, sai ta yi sauri ta tambayi mutum lafiyar yaransa. Rigar tokar nan ma daban take wanke ta, ta shanya a bayan ƙofa, ba a igiyar waje ba. Yana gani, yana shiru. Ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya gani: an goge. Bai iya ƙarya a takarda ba. A baki ma da ƙyar.

Shugabar sashensu gajeruwar mace ce mai tabarau, da jan biro maƙale a wuyan riga. A bayan idonta Mai Jan Biro suke ce mata. Ta kira shi ofis, ta sa yatsa a kan takarda.

"Lamba bakwai. Sau biyu. Wa ke ciki?"

"Mahaifiyata ce, ranki ya daɗe."

"Kai ma a ciki kake kwana?"

"E."

Ta sauke tabarau ta dube shi ta sama. "Wanzami ba ya son jarfa ke nan. To ji nan. Talata ka zuba ta uku. Juma'a da safe ni da kaina zan zo in karanta. Kada ka kawo mini hoton waya, an sha nuna mini bangon maƙwabci. In na tarar an goge, kai za ka liƙa jar takardar da hannunka."

Ya dubi takardar da ke ƙarƙashin yatsanta.

"Ba mugunta ba ce. In na ɗaga wa uwarka ƙafa yau, gobe uwar kowa za ta zo mini da ƙafarta a sama."

A hanyar gida ya dinga ganin abin a idonsa. Katifar Inna a titi. Tukwanenta a jere a bakin kwata. Matan bene a tsaye, masu jajen baki da masu dariyar ciki. Matar da ta yi shekara talatin ba a taɓa ganin tsinke a ƙofarta ba. Ya san ba za ta yi kuka ba. Shiru za ta yi, shi kuwa ya fi tsoron wannan.

Ranar Talata ya zuba ta uku. Da ya gama, ya tattara tsintsiya uku, da abin goge ƙasa, da abin kwasar shara, ya rungume ya fito. Inna tana kallonsa.

A baranda ya ci karo da Mai Guga, mutumin lamba takwas, bango ɗaya da su. Mai wanki da guga ne, teburinsa kullum a baranda, idonsa kullum a kan matakala. Labari ba ya kwana a bakinsa. A ƙofarsa koriyar takarda na sheƙi, ya goge ta da tsumma har sau biyu tun safe.

"A'a, Sarkin Ɓeraye! An yi maka ƙarin girma ne? Yanzu har da shara?"

"Sannu da aiki."

"Ka gaishe da talakawanka. Ka ce musu kore gare ni, su nemi wani gidan."

Auta ya sauka ya kulle tsintsiyoyin a bayan motar ofis.

Da asubar Laraba ƙarar ruwa a bokiti ta tashe shi. Ya miƙe ba takalmi, ya leƙa ɗakin Inna. Tana durƙushe a gindin bango, jiƙaƙƙen tsumma a hannu, ruwa na ɗiga a gwiwarta. Ba ta kai ga taɓa hodar ba.

"Inna."

Ta zabura. "Kai, ka ba ni tsoro. Ka koma ka kwanta."

Maimakon haka ya tsuguna kusa da ita. Hasken taga ya fara shigowa. A kan hodar ga su nan a jere, ƙanana kamar an ɗiga da bakin cokali: yatsu huɗu a gaba, biyar a baya, da dogon layi a tsakiya inda wutsiya ta ja. Ba ƙaramin ɓera ba ne.

Ya dubi sawun, ya dubi fuskarta. Ba mamaki a fuskar, ko kaɗan.

"Tun yaushe?"

Ta matse tsumman a bokiti, ta daɗe tana matsewa.

"Wata bakwai."

"Wata bakwai, Inna?"

"Rage murya, bango yana da kunne, kunnen kuma yana guga." Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo kwali. Tarko huɗu, da takardar danƙo, da wani garin magani a leda. "A kasuwar can bayan tasha na sayo, inda ba wanda ya san ni. Mutumin nan ya ci sabuluna. Ya ci gefen dardumata. Na sa masa kifi a tarko, ya cinye kifin ya bar mini tarkon a ɗane, kamar mai cewa an gode, Allah ya ƙara buɗi."

Dariya ta taso wa Auta, ya haɗiye.

"To me ya sa kike gogewa?"

"Ka ji yaro. In suka ga sawu ba ja za su liƙa ba? A fito mini da kaya titi a kan ɓera ɗaya?"

"In an ga sawu rawaya ake liƙawa. Ba a fitar da komai. Gogewar ce ke jawo ja."

Ta tsaya da tsumma a hannu.

"Wa ya gaya miki sawu ne ke jawo ja?"

"Mai Guga."

"Ni me ya hana ki tambaye ni?"

"Kai me ya hana ka faɗa? Kada a taɓa, kada a taɓa, shi ke nan abin da ka iya. Baki kamar an ɗinke da zare biyu. Haka ubanka yake, sai ruwa ya ci rabin ɗaki yake cewa ana yoyo."

Kowa ya san inda nasa laifin yake, ba wanda ya ga dalilin nunawa.

Inna ta jefa tsumman a bokiti. "To, malamin ɓeraye, karanta mini. Me ya rubuta?"

Bai taɓa yi mata bayanin aikinsa ba. Ya fara a hankali, yana nunawa da tsinken ashana. Nan ya fito, nan ya tsaya ya shinshina, nan ya juya. Ga inda ya zo dab da akwatin ya kauce.

"Don me ya kauce? Na wanke masa shi tas."

"Shi ya sa. Ɓera ba ya yarda da sabon abu sai ya kwana biyu yana ganinsa a wuri ɗaya. Kullum kika wanke kika sake masa wuri, baƙo ne a wurinsa."

"Ashe yana da hankali."

"Ya fi wasu."

Ta ɗauko tabaranta da tocila. Kafin a yi nisa ta riga shi gaba, tana rarrafe tana haskawa, shi yana biye. Ita ta fara ganin wani baƙin maiƙo a jikin bango, ɗan tsayin yatsa uku daga ƙasa.

"Wannan kullum sai na kankare shi, kullum sai ya dawo. Na zaci man kanka ne."

"Inna, me zai kai kaina gindin bango?"

"Ina na sani? Kai da ba ka magana."

"Maiƙon jikinsa ne. Hanyarsa ce."

Sawun ya bi ta bayan ƙofa, ya zagaye ƙafar gado, ya shige bayan kabad ɗin kaya. Kabad ɗin nan ya girmi Auta. An ce ranar da aka shigo da shi sai da aka cire ƙofar ɗaki, tun ranar kuma bai motsa ba. Duk faɗin lamba bakwai, nan ne kaɗai inda tsintsiyar Inna ba ta taɓa kaiwa ba.

Auta ya sa kafaɗa ya tura. Kabad ya yi kamar ba da shi ake ba. Suka haɗu su biyu, ko gezau.

"Sai an kira Mai Guga," in ji shi.

"Gara ka kira gidan rediyo, su aƙalla suna hutawa."

"Shi ne ƙaƙƙarfa a benen nan."

Inna ta zauna a bakin gado ta dubi kabad, ta daɗe. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali ta fita da kanta. Auta ya ji muryarta a baranda. "Ɗan nan, ajiye dutsen gugar nan ka zo. Ka bar bakinka a kan tebur, hannunka nake so."

Mai Guga ya shigo yana murmushin wanda aka gayyata biki. Suka kama, ɗaya nan ɗaya can, Inna na ba da umarni. Kabad ya yi ƙara kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya ja ƙafa, ya matsa.

Ƙurar shekara talatin ta tashi. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. A gindin bango ga rami, hannun yaro zai shiga, a bakinsa kuma ga sheƙa, tulin tsummoki da aka tattauna aka shimfiɗa da kyau.

"Kai!" in ji Mai Guga. "Inna, ashe ke ma..." Sai ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗago wani abu da yatsa biyu. Safa ce, shuɗiya mai ratsin fari. Ya ɗago wata. Ya ɗago hankici mai harafi a gefe.

"Safar malamin makarantar nan ce. Wata uku yana ce mini ɓarawo. Wannan ta direban asibiti ce. Wannan... wallahi har rantsuwa na yi a kan wannan."

Auta ya kwanta ya haska ramin. Ta can ɓangaren yana hango ƙafar gado da ƙullin kayan wanki.

"Ɗakinka ne," ya ce wa Mai Guga.

Inna ta karɓi tocilar ta leƙa da kanta. Da ta ɗago, fuskarta ta yi haske irin wanda Auta ya daɗe bai gani ba.

"Ashe daga wurinka yake tasowa. Mai kore! Wata bakwai ina ciyar da ɗan hayarka."

"A'a, Inna, a yi adalci. Ga gadonsa nan a wurinki. Nan yake kwana, wurina aiki kawai yake zuwa."

"To ka biya shi ya kama ɗaki."

Auta bai shiga dariyar ba. Shi ya zuba hoda a lamba takwas, ya kuma tuna bangon nan: ƙullin kayan wanki ne jibge har rabinsa, Mai Guga ya ce kayan mutane ne kada a taɓa, shi kuma ya kewaye ya wuce. Koren nan kuskurensa ne. Yana cikin wannan tunanin idonsa ya sauka ƙasa.

Ƙafafun kabad ɗin sun bi ta kan hodar. Su ma da suke turawa sun tattake. Tun daga ƙofa har gado, fiye da rabin layin, ba sauran sawu sai wani farin shafe kamar an ja buhu.

Inna ta bi idonsa ta gani. Dariyarta ta ɗauke.

"Mene ne abin damuwa?" in ji Mai Guga. "Ba kana da hodar a jaka ba? Ka ƙara barbaɗawa. Wa zai sani?"

"Sau uku ake zubawa. Na zuba."

"Na ce wa zai sani?"

"Ni."

Mai Guga ya dubi Inna, ko za ta sa baki. Ta buɗe baki, ta dubi ɗanta, ta rufe.

Auta ya ɗauki akwatin gubar ya ajiye shi dab da ramin, jikin bango, inda hodar ta tsira. Ya ce ba za a toshe ramin yanzu ba, in an toshe yana ciki wani zai haƙa. Ba za a kwashe ƙurar ba. Ba za a mayar da kabad ba. Akwati kuma ko kallon kirki kada a yi masa, har Juma'a.

"Kwana biyu in kwana da wannan?" Inna ta nuna ƙurar da leɓe.

"Kwana biyu."

"Allah ya isa tsakanina da ɓeran nan."

Kwana biyun nan benen ya gani a jikinsa. Hannun Inna bai saba zama ba, tunda an hana shi ɗaki sai ya fita waje. Ta ari tsintsiya a lamba uku ta share matakala daga sama har ƙasa, ta sake hawa ta share daga ƙasa har sama. Ta wanke ƙarfen baranda. Ta kankare bakin famfo har mai lamba ɗaya ya ce bai gane shi ba. Takalman da aka bari a ƙofa ta jera su bisa tsawo. In ta shiga ɗakinta sai ta juya wa kusurwar nan baya, ta yi tafiyar kaguwa har gado. Mai Guga kuwa, a karo na farko tun da ya tare, aka tambaye shi labari ya ce babu.

Juma'a da hantsi farar mota ta tsaya. Ba a gayyaci kowa ba, amma kowace ƙofa ta sami dalilin buɗewa. Wata na tsince shinkafar da ta riga ta tsince, wani na neman takalmin da ke ƙafarsa.

Mai Jan Biro ta hau, ta gaida Inna da ladabi, ta cire takalmi ta shiga. Auta na biye da jaka. Takardu uku ne a aljihun rigarsa, yana jin jar kamar ta fi sauran nauyi.

Ta duba falo, ta duba kicin, ta shiga ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya. Ta bi farin shafen nan da ido tun daga farkonsa har ƙarshe. Hannunta ya tafi wuyan riga, biro ya fito.

"An goge."

"Ranki ya daɗe, kabad muka ja." Muryarsa ta fito da ƙarfin da bai yi niyya ba. "Sawu muka bi ya kai mu bayansa. Ni na ce a ja, ban lura da ƙafafunsa ba. Laifina ne. Ramin ya ɓulla lamba takwas, can ma ni na ba da kore ban duba bangon ba."

"Yau kai ne da dogon jawabi haka?" Ta cire murfin biro. "Na ji. Amma magana kowa yana da ita. Sau biyu an goge a ɗakin nan. Na uku kuma a ce mini kabad ne."

"Ni na goge."

Inna ce, daga bakin ƙofar waje, inda duk baranda ke jin ta. Ba ta rage murya ba.

"Na farko da na biyu ni ce, da tsintsiya da tsumma. Sawu na gani na ji kunya. Ɓera gare ni, 'yar nan. Wata bakwai muna tare, ya ci sabuluna, ya ci dardumata. Ku da kuke tsince shinkafa ku ji da kyau, kada a kai muku a karkace. Na uku kuwa ban taɓa ba. Ki zo ki ga abin da na kwana da shi."

Ta wuce gaba ta nuna kusurwar da hannu, fuskarta a kauce. Ƙura na nan yadda aka bar ta. Akwatin ya yi furu-furu.

"Kwana biyu ban wanke shi ba. Ni. Ki tambayi kowa a gidan nan me wannan yake nufi."

"Gaskiya ne," in ji wata murya daga baranda. "Mu muka sha wahalar."

Mai Jan Biro ta tattare zani ta durƙusa. Tsakanin rami da akwati hodar na nan lafiya, sawu ya cika ta, shiga da fita, wani kan wani. Ta miƙa hannu, Auta ya ba ta mabuɗi. Ta buɗe. Shuɗin dunƙulen gubar an cinye fiye da rabi, ga shaidar haƙora a gefe.

Ta leƙa ramin. Ta can ɓangaren ido ɗaya na leƙowa.

"Wane ne wannan?"

"Lamba takwas ne, ranki ya daɗe," in ji idon. "Ina kwana."

Ta miƙe tana kaɗe gwiwa. Ta dubi shafen, ta dubi ƙafar kabad da farar hoda ta manne a jiki, ta dubi Inna. Sannan ta mayar wa biro murfinsa.

"Rawaya. Nan da lamba takwas. Litinin a toshe ramin da sumunti da ragar ƙarfe, ta ɓangare biyu." Ta juya kan Auta. "Kai kuma Litinin ɗin ka same ni a ofis a kan koren nan da ka raba kamar goron gayya. Ka zo da bakin nan na yau, kada ka bar shi a gida."

"To, ranki ya daɗe."

Numfashin da ya riƙe tun Laraba ya fita a hankali. Ya dafa kabad.

"'Yar nan," in ji Inna, "ba a yin kore mai ɗan haske haka? Tunda ai ya ci gubar."

"Bayan mako biyu, Inna."

"Ko rabi? A yanka a haɗa."

"Bayan mako biyu."

Auta ya fito baranda ya zaro rawayar. Ya liƙa ta a tsakiyar ƙofa, ya danna da tafin hannu. Mai Guga na gefe yana ɓanɓare korensa da farce, yana cewa dama launin bai taɓa yi masa ba.

Inna ta ja da baya har ƙarfen baranda, ta karkata kai, ta rufe ido ɗaya.

"Ta karkace."

"Daidai take, Inna."

"Ta karkace ta hagu. Kuma dubi yadda take faɗa da labulen nan. Rawaya a kan shuɗi, kamar ƙofar masu sayar da fenti." Ta tura shi ciki da yatsa. "Buɗe kabad ɗin, tunda yau ya yarda yana motsi. A can ƙasa akwai labule mai ruwan ƙwai. Mako biyu zan yi da abin nan a ƙofata, ba zan yi su da labulen da bai dace ba."

Ya shiga nema. Daga ciki yana jin ta tana tsare Mai Jan Biro a matakala, wai ba inda za ta sai ta sha shayi, kofin kuma yanzu za a sake wanke shi.